Hular Kwanon Auta

Kwamba, Suleja
Janairu, 2009

Yaya Muhsina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma durƙusawa daga nan ina gaida Inna. Yaya gwiwar tata? Man zafin da na ba Malam Tanimu direba wancan zuwan, ki riƙa shafa mata, kada ta ɓoye shi a ƙasan adaka ta ce sai ciwon ya tsananta. Mu nan lafiya lau. Yaronku ya fitar da haƙoran sama, duk abin da ya kama sai ya gwada su a kai, har da yatsan babansa.

Ƙaninki yana nan yana fama da acaɓarsa. Labarin da ya cika Suleja yanzu shi ne dokar hular kwano. Tun da shekara ta shigo aka ce duk mai mashin sai ya sa, wanda ya ɗauko ma sai ya sa. Yaya, da kin zo kin sha kallo. Wani bokitin fenti ya kifa a kai, wani ƙwarya ya huda ya zura igiya, na ga wani da murfin kula. Matan Yarabawa kuwa sun ce ba wanda ya isa ya tauye musu ɗaurin kai. Masu ƙyama sai sun shimfiɗa leda ko hankici a ka kafin su sa, wai kada su kwashi makero.

Shi dai ƙaninki bai yi wasa ba, ya je shagon Onwuka ya sayo na gaske guda biyu, ja ta fasinja, baƙa tasa. In ya sa ta ya shigo gida sai yaron ya tsala ihu ya ɓuya a bayana.

Bari in ba ki abin dariya. Ranar Ashura ya ɗauki wani dattijo mai babbar riga a bakin kasuwa. Ya miƙa masa jar hular, mutumin ya sa, ko mashin ba a tayar ba sai ya sulale ƙasa. Nan take kasuwa ta hargitse. Wani ya kwarma ihu, “Hular ta ɗauke shi!” Masu lemo suka bar tirensu suka ranta a na kare, wasu kuma suka yo kan ƙaninki da itace. Aka cire hular, aka yayyafa wa dattijon ruwa, ya buɗe ido, bakinsa yana motsi amma ba magana. Can da ya dawo hayyacinsa ashe azumi yake tun jiya, bai samu yin sahur ba, ga rana ta take. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an kira magariba. Waɗanda suka ɗauko itace su suka fi kowa dariya.

Ki gaida Inna da kyau. Ga ɗan garin rogo nan da manja.

Ƙanwarki,
Bara'atu


Unguwar Gamji, Malumfashi
Janairu, 2009

Matarmu Bara'atu,

Wa'alaikumus salam. Saƙo ya iso, an gode. Gwiwar Inna da sauƙi. Ki shafa min kan yaronmu Abdulƙadir.

To, ke da dogon labarinki kin ja mana. Na zauna a tsakar gida ina karanta wa Inna takardarki, Kande maƙwabciyarmu tana gefe tana tsince wake. Ina kaiwa inda kika ce bakin mutumin yana motsi ba magana, sai Kande ta dafe ƙirji ta ce wallahi abin da ta ji ke nan daga bakin 'yan Kano. Wai masu tsafi ne suke raba hulunan, kana sawa a ɗauke maka magana da hankali, wani ma ɓacewa yake yi. Inna ta miƙe ta shige ɗaki ko sandarta ba ta ɗauka ba. Na bi ta da takardar, na karanta mata ƙarshen, na sake karantawa, na ce azumi ne ya kayar da shi. Ta ce ai dole su ce azumi.

Ga saƙonta, kuma ta sa na maimaita mata shi bayan na rubuta don kada in rage. Ta ce a gaya wa Auta, in dai ita ta haife shi ta shayar da shi, ba ta yarda kwanon nan ya taɓa kansa ba, nasa ne ko na wani. In ya sa, ba ta yafe ba.

Kin san tun da Ja'afar, Autan nata, ya zo duniya Inna ba ta taɓa furta masa wannan kalma ba. Shi kaɗai ne namijin da ya tsaya mata. Jiya ko tuwo ba ta ci ba, tana zaune da carbi tana kallon ƙofa.

Ni ban ce akwai tsafi ba, ban kuma ce babu ba, duniya ce. Ki ba shi takardar nan ya karanta da idonsa. Ya ɗan lallaɓa tukuna har hankalinta ya kwanta. Ke kuma nan gaba in za ki ba da labari, ki fara da ƙarshensa.

Yayarku,
Muhsina


Kwamba, Suleja
Fabrairu, 2009

Yaya Muhsina,

Sallama da gaisuwa. Ina fata Inna ta samu sauƙi. Mu ma jikinmu lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Na ba shi takardar. Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa, sannan ya ɗauki baƙar hular ya rataye ta a hannun mashin. Tun ranar ba ta sake hawa kansa ba. Na ce masa ai Inna ba ta gane ba ne, kuma tana can, wa zai gaya mata? Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, “Allah fa? Shi ma yana Malumfashi?”

Da farko dabara ya yi. Ya karɓi ƙwaryar da nake tankaɗe a ciki, ya shafe ta da baƙin fenti, ya ɗaura mata igiya, wai ai Inna kwano ta hana, ba ta hana ƙwarya ba. Ni da na yi wa wasu dariya, ga shi a ɗakina. Ba ta kai ko'ina ba. Jami'an hanya suka tare shi a mahaɗar kasuwa, ɗaya ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ya nuna masa ta gasken da ke rataye, ya ce, “Malam, ga hula a hannunka, me ya sa ka sa kwanon fura?” Ya ce mahaifiyarsa ce ta hana. Suka yi dariya har da riƙe ciki, amma suka tafi da mashin ɗin. Wayarsa ya sayar kafin ya karɓo shi, don haka kada ki sha wahalar hawa dutse neman sabis, ba za ki same mu ba.

Yanzu ya bar cikin gari gaba ɗaya saboda kamu. Ya koma hanyar Maje, inda ake ta gine-ginen sababbin gidaje a gonakin mutane. Can babu jami'ai, amma Yaya, can ne tifofi suke. Suna tafe da yashi yana zuba a titi, direbobin yara ne, ba sa taka birki don mai mashin. In ya dawo gashin idonsa fari fat da ƙura.

Maƙwabciyata Debora, mutuniyar Kafanchan ce, tana aikin jinya a asibiti. Da ta ga hular a rataye ta kira ni gefe ta ce, “Maman Abdul, ki roƙi mijinki. Ƙafa in ta karye muna ɗaurawa, hannu muna ɗaurawa. Kai fa, ba mu da abin da za mu yi masa.” Tun da ta faɗi haka, in na ji mashin ya tsaya a ƙofar gida ba da irin tsayuwarsa ba, sai in ruga in leƙa.

Don Allah ki sake yi wa Inna bayani. Fasinjojinsa suna sa jar hular kullum, ba wanda ya ɓace, ba wanda ya kurumce. Akwai wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, Inioluwa, kullum shi yake kai ta Maje. Tana sa ta a kan ɗankwali, kuma tun daga Kwamba har su isa bakinta ba ya rufuwa.

Ya ce ba zai sa ba sai ya ga izinin Inna da rubutun hannunki. Ki taimake ni.

Bara'atu


Unguwar Gamji
Maris, 2009

Bara'atu,

Na amsa gaisuwa. Inna tana nan, gwiwa ta lafa, sai dai hawan jinin ya motsa.

Na yi mata magana, ba sau ɗaya ba. Kin san abin da take ce min? Wai marigayi Baba ya ja babbar mota tun kafin a koma tuƙin hannun dama, ya yi Legas ya yi Maiduguri, ba bel, ba kwano, ba komai sai addu'ar da yake yi in ya riƙe sitiyari, kuma a kan gadonsa Allah ya karɓi ransa. Na ce mata Inna, zamanin Baba sai ki yi tafiya mai nisa ba ki haɗu da mota ba, yanzu kuwa mashin ya fi kaji yawa. Na tuna mata yaran motar Baba da suka faɗo daga saman kaya, ita da kanta take ba mu labarin. Ta ce kwanansu ne ya ƙare.

Ta ce wai ko dokar bel da aka kawo shekarun baya wa ya bi ta? Ga Malam Tanimu nan, yafa shi yake yi a ƙirji kamar gyale in ya hango jami'ai, suna wucewa ya yar. Gaskiya ta faɗa, na gani da idona. Ta ce wannan ma za ta wuce kamar sauran, Auta ya yi haƙuri.

Na kai maganar wajen liman. Ya ce kare kai ba ya cikin rashin tawakkali, kuma zai zo ya same ta. Ya zo, ta shimfiɗa masa buzu, ta ba shi fura, ta ce to Malam, ta gode. Yana fita ta ce shi ai ba shi ya haifi Auta ba.

Ke ma ki rage tsorata kanki da maganar ma'aikatan asibiti, su ba sa ganin masu lafiya. Ki bar ni da ita, a hankali zan shawo kanta. Amma kada ki kuskura ki zuga shi ya sa a ɓoye. In ta ji, abin da zai fito daga bakinta ya fi tifa.

Muhsina


Kwamba
Afrilu, 2009

Yaya,

Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Na aiko takarda ta hannun wani mai doya, ban ji amsa ba. Na je tasha neman Malam Tanimu, aka ce ba a gan shi ba tun kwanakin baya. Ko jikin Inna ne? Ko fushi kike da ni?

Ruwan farko ya sauka. Hanyar Maje ta zama taɓo a wani wuri, yashi a wani wuri. Shekaranjiya ƙaninki ya dawo da wando a yage da gwiwa a goge, ya ce akuya ce. Da na matsa masa ya ce tifa ce ta matse shi ya faɗa kwata. Yana ba ni labari yana dariya, ni kuwa ina gasa masa gwiwar da ruwan zafi.

Jiya na ɓoye makullin mashin a cikin tukunyar daddawa. Ya neme shi bai yi faɗa ba, ya zauna a bakin gado ya ce, “Bara'atu, to me za mu ci?” Na ɗauko na ba shi.

Wani ɗan layinmu mai acaɓa, yaro ne ko aure bai yi ba, an kawo gawarsa makon jiya. Jikinsa ko ƙwarzane babu, sai bayan kai. Na shiga gaisuwa na ga uwarsa, na fito na kasa gane hanyar gidanmu.

Kullum da safe ni nake goge baƙar hular in mayar da ita hannun mashin, ko Allah zai sa ya canza ra'ayi a hanya. Da yamma ta dawo da ƙurarta a ciki. Yaya, tsoro nake ji. Ko wanka nake sai in riƙa jin kamar ana sallama a ƙofa. Ki ce wa Inna ni ce, Bara'atu, 'yar ƙanwarta da ta goya, nake roƙonta. Kalma ɗaya kawai.

Bara'atu


Unguwar Gamji
Afrilu, 2009

Matarmu,

Albishirinki! Ki ba ni goro fari. Kowa lafiya, Inna ma ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Kin san wa ya yi mana aikin? Ɗan Kande, Ayuba, wanda yake acaɓa a Kano. Ya zo ganin gida a kan mashin da ƙatuwar hular kwano a kansa. Uwarsa ta fito tana salati, shi kuwa ko cirewa bai yi ba ya hau zuba, labarin Kano, labarin kuɗin mai, labarin budurwarsa, har sai da aka ce ya yi wa mutane shiru. Inna tana zaune tana kallonsa ta ƙasan ido. Da ya tafi ta ce, “Wannan kam ba a ɗauke masa komai ba, da ma an rage.” Na ga ƙofa ta buɗe, na ɗauko takardarki ta ƙarshe da ta mai doya na karanta mata. Da na gama ta share ido.

Ga abin da ta ce, Ja'afar, kai nake wa magana yanzu. Ta janye. Ka sa hularka. Amma ka yi bisimilla kafin ka sa, ka sa tagiya a ciki, kuma kada ka karɓi ta wani. Ta yafe maka duniya da lahira, Allah ya tsare gabanka da bayanka.

Motar Malam Tanimu ce ta lalace, tana gareji a Funtuwa, shi ya sa kika ji shiru. Ya ce an kusa gamawa. Na so in ba wani, amma takarda irin wannan ba na so ta ɓata a hannun wanda ban sani ba. Gara in jira shi.

Ki daina kuka haka nan, ki soya wa mutum ƙwai.

Muhsina


Gwagwalada
Mayu, 2009

Yaya Muhsina,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yana da rai, ki fara da wannan. Na san saƙon da na sa Debora ta yi wa Malam Tanimu ta waya gajere ne, ga bayanin.

Ranar Talata da hantsi ya ɗauki Inioluwa zuwa Maje. Wata tifa ta zubar da yashi a kan kwana. Ba gudu yake ba, kowa ya shaida. Tayar gaba ta zame, suka faɗi su biyu a gefe guda. Ita ta tashi ta kakkaɓe zaninta, gwiwar hannunta kawai ta goge, jar hular ta tsage a gefe inda ta bugi kwalbati. Shi ma kwalbatin ya buga.

Ita ta tare mota, ta rungume kansa a cinyarta har asibitin Suleja, daga nan aka turo mu babban asibiti a nan. Ta zo tana kuka tana ce min, “Maman yaro, na ce masa ya sa, kullum ina ce masa.” Da aka kawo mashin gida baƙar hular tana rataye a inda na sa ta da safe. Ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Ya farfaɗo. Yana gane ni, yana gane yaron, in an ce ya ɗaga hannun hagu yana ɗagawa. Na dama ne ba ƙarfi. Amma Yaya, ba ya magana. Yana buɗe baki, leɓɓansa suna motsi, yana dubana kamar ni ce zan ciro masa kalmar, sai hawaye. Likita ya ce jini ne ya taru a ɓangaren da magana take. Ya ce wasu tana dawo musu a hankali, wasu rabi, wasu shiru. Bai yi min alkawari ba.

Takardarki ta same ni a nan. Malam Tanimu ya kai ta Kwamba ranar Alhamis, Debora ta kawo min. Na karanta a baranda, na zauna a ƙasa. Ban yi niyyar nuna masa ba, amma ya ga rubutunki a hannuna ya miƙo hannu. Na karanta masa. Da na zo wajen “ta yafe maka duniya da lahira” sai ya rufe ido ya gyaɗa kai, ya jawo takardar ya sa a ƙarƙashin matashi.

Ban san abin da zan ce miki ba bayan wannan. Ku yi mana addu'a.

Bara'atu


Unguwar Gamji
Mayu, 2009

Ƙanwata,

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya. Ni ce na riƙe takardar nan ina jiran mota, wannan zai zauna min har in mutu. Da zan iya barin Inna da tuni ina gefenki.

Akwai abin da ya fi ƙarfina, shi ya sa na rubuto. Saƙon waya da ya iso cewa ya yi, Ja'afar ya yi haɗari, ba ya magana. Inna tana jin “ba ya magana” ta ɗora hannu a ka ta ce shi ke nan, ya sa, sun ɗauke. A lissafinta takardar izini ta isa, ya sa hular, abin da ta guda ya faru. Tana cewa ita ta kashe shi da bakinta ranar da ta janye. Ba ta ci, ba ta barci, jininta ya hau har sai da aka kira mai kemis.

Da takardarki ta zo na karanta mata, amma na tsallake wajen hular da ke rataye. Na kasa. In na bar ta a haka, tana ganin laifinta shi ne janyewa. In na gaya mata gaskiya, za ta san hanin ne. Wanne zan ɗora wa tsohuwa mai hawan jini?

Kuma abin bai tsaya a gidanmu ba. Labari ya zaga gari cewa hular kwano ta ɗauke maganar Auta. Kande ta aika Kano aka ƙwato hular Ayuba, ta jefa ta a masai, ta yi masa irin rantsuwar da Inna ta yi. Jiya matan unguwa suka cika ɗakin Inna suna jajanta mata, kowacce tana cewa nata ɗan ma ba zai sake sawa ba. Yaran garin nan da ke acaɓa a birni ba su da iyaka. Ina zaune ina jin su, na san gaskiya, bakina ya yi nauyi.

Ke ce matarsa, ke kika gani. Abin da kika ce shi zan yi.

Muhsina


Kwamba
Yuni, 2009

Yaya,

Mun dawo gida. Yana takawa da sanda, yana cin abinci da hagu. Maganar dai shiru.

Na karanta masa takardarki duka, ban tsallake komai ba. Na tambaye shi, a bar Inna a yadda take? Da na ambaci Ayuba sai ya buga sandarsa, ya nuna ƙusar da na rataye hular, ya nuna ƙofa. Na ce a kai mata? Ya gyaɗa kai. Ga ta nan a cikin buhun da Malam Tanimu zai ba ki.

Ki karanta wa Inna wannan da bakina, a gaban Kande in da hali.

Inna, Auta bai sa ba. Tun ranar da saƙonki ya zo hular nan ba ta taɓa kansa ba, ko sau ɗaya, ko a ɓoye. An kama shi, an yi masa dariya, na roƙe shi, na yi kuka, bai saɓa miki ba. Wadda ta sa tana kasuwa yanzu tana ciniki. Ban faɗa don in ƙona miki rai ba, Inna, ke kika goya ni. Na san tsoro ne ya sa, ni ma tsoron nake ji har yanzu. Amma akwai 'ya'yan mutane a kan titi.

Ku duba ta ciki da waje. Soso ne da roba.

Bara'atu


Unguwar Gamji
Yuni, 2009

Bara'atu,

Saƙo ya iso. Ki gaishe min da ɗan'uwana, ki ce ina tafe da zarar an yi hutun makaranta, Kande ta yarda za ta kwana da Inna.

Na karanta. Na tara su kamar yadda kika ce, Kande da matan unguwa, bayan la'asar a tsakar gida. Ban tsallake ko harafi ba. Da na gama ina ta kallon Inna, ina jiran ta faɗi.

Ba ta faɗi ba. Ta ce a miƙo mata buhun. Ta ciro hular ta ɗora a cinya, ta juya ta, ta shafa bayanta inda babu ko ƙwarzane, ta zura hannu ciki ta daɗe tana taɓa soson. Sai ta zame ɗankwalinta. Kande ta ce, “Inna, a'a!” wasu suka ja da baya har da mai tuntuɓe da turmi. Inna ta yi bisimilla ta kifa ta a kanta.

Ta yi mata yawa, ta rufe mata har gira. Ta zauna a haka, hannuwanta a kan gwiwa, tana jiran abin da zai zo. Mu ma muna jira. Ni da na san soso ne da roba, wallahi sai da na hau addu'a a zuci.

Can sai muka ji ta daga ciki ta ce, “Auta.” Muryarta ta fito sarai. Ta sake cewa, “Ja'afaru.” Ta fito. Ta yi ta kiransa tana jin muryarta tana fitowa, har kukan ya ci ƙarfinta. Ba ta bari an cire mata ba sai da aka kira magariba.

Da safe ta ba Kande hular ta ce a kai wa Ayuba Kano yau, ba gobe ba, kuma kada a jira motar kowa.

Ta ce in tambaye ki, in an kai ta Suleja an zaunar da ita a gabansa, zai gane abin da take cewa? Na ce kin ce yana ganewa. Ta ce to a gaya wa Malam Tanimu ya tanadar mata gaban mota. Ta ce ita ce za ta yi maganar, shi ya saurara kawai.

Yayarku,
Muhsina